Tiyon da Ya Fashe a Hanyar Kuta

Jama'a, abin da zan ba ku yanzu ba a bakin wani na ji shi ba, ba kuma a majalisa na tsinto shi ba. Ni ɗin nan da nake rubuta muku, da ni ya faru, kuma na rantse da Wanda raina yake hannunsa ban ƙara masa gishiri ba. In ma akwai abin da na yi, to ragewa ce, don akwai wuraren da har yau ban san da wane baki zan faɗe su ba.

A lokacin ina zaune a Minna, a unguwar Sauka Kahuta, shekarun nan da wayar salula ta fara yawa a hannun mutane, amma da ka ɗan bar gari sai ta zama kayan ado, babu sabis. Sana'ata tuƙi. Ina da wata tsohuwar a-kori-kura, fara ce a da, amma jar ƙasar hanya ta riga ta ba ta nata launin, da ita nake shiga ƙauyukan bayan Kuta ina ɗauko doya ina kawo wa 'yan kasuwa cikin gari. Mai duba mini ita wani bakanike ne da ake kira Oga Yohanna, mutumin kudancin Kaduna, ya riga ni zuwa Minna da daɗewa, garejinsa na ƙarƙashin wani mangwaro ba nisa da gidana. Mutum ne mai wata ɗabi'a: ko fitila ka kawo ya gyara maka, sai ya ɗaga bonet ya matsa tiyon lagireto da yatsunsa, kamar yadda mata ke taɓa burodi kafin su saya. Ga wanda bai san mota ba, lagireto shi ne wurin da ruwa yake hucewa a gaban injin, kuma yana da manyan tiyo biyu na roba, na sama da ke kawo ruwan zafi daga injin, da na ƙasa da ke mayar da shi bayan ya huce. In ɗaya ya fashe, ruwa ya tsiyaye, ka ci gaba da tafiya, to ka dafa injinka.

'Yan kwanaki kafin abin ya faru, Oga Yohanna ya canza mini tiyon sama saboda ya kumbura a bakin kilif, wato ƙarfen da ke ɗaure bakin tiyo. Na ƙasan kuwa mu biyu muka matsa shi muka ji shi da ƙarfinsa. Ashe ta can ƙarƙashi, inda ido ba ya kai, baƙin mai ya daɗe yana ɗiga a kansa yana cin robar. Abin da Allah Ya rubuta dai.

Ranar kuwa tsakiyar bazara ce, irin zafin nan na Minna da tun hantsi kujerar mota take ƙona cinya, ruwan farko bai sauka ba, rafuka duk sun koma yashi. Na je wani ɗan ƙauye can bayan Kuta wurin wani manomi, Danladi, mutumin Gbagyi, wanda na daɗe ina ɗaukar doyarsa har mun wuce ciniki mun zama kamar 'yan'uwa. Ba ni taɓa barin gidansa ba tare da matarsa Laraba ta ɗaura mini wani abu a leda ba, ko gyaɗa ko barkono. Muna cikin lodi, shi yana cikin rumbun doyar yana miƙo mini, muna hira a kan yadda ruwa ya yi jinkiri, sai na ga ya fizge hannunsa ya yi baya. Bai yi ihu ba. Cewa kawai ya yi, "Direba, ya same ni."

Kububuwa ce ta kwanta a ƙarƙashin doyar ƙarshe tana shan sanyi. Duk wanda ya san wannan maciji ya san ba a wasa da lokaci. Ga shi mazan ƙauyen kusan duk sun tafi kasuwa, daga mata sai tsofaffi. Na ɗauko galan ɗin ruwan da nake ajiyewa a bayan kujera, muka wanke masa hannun, ya sha, muka zuba masa a ka, na ce wa Laraba ta bar komai ta shigo, Minna za mu, can ne ake samun allurar maciji. Muka sa shi a tsakiya, ita tana bakin ƙofa tana tallafe da shi.

Akwai wata hanyar daji da take yanke ta ɓulla kan kwalta, ta fi gajarta amma yashi ne da ramuka, kuma ba kowa ke binta ba. Ita na ɗauka. Na matsa wa motar nan irin matsin da ban taɓa yi mata ba, ƙaramin giya, injin yana kuka, ni kuma idona ɗaya na kan hanya ɗaya na kan Danladi, wanda hannunsa ya fara kumbura, kuma da ya tofar da yawu na ga ja a ciki. Ban ankara ba sai na ga allurar da ke nuna zafin injin ta hau ja. Kafin in ɗaga ƙafa sai ji na yi fus, farin tururi ya turnuƙe gilashi. Na kashe mota nan take, na ce innalillahi.

Na fito na ɗaga bonet da tsumma, zafi ya daki fuskata. Na kwanta na leƙa ta ƙasa, sai ga tiyon ƙasa ya tsage a tsaye, tsawon ɗan yatsa ko fiye, ruwan duk ya bi yashi, ƙasa ta shanye shi ina kallo. Gyara irin na daji na san shi, don ina da tsohuwar robar taya da waya a mota: a yanka robar siriri, a naɗe tsagar tam, a ɗaure da waya, zai kai ka gari in ka lallaɓa. Amma matsala biyu ce. Ta farko, tsagar tana buɗe baki, sai wani ya matse ta kana naɗewa, ga wurin da zafi kamar murhu, ga Laraba ba halin ta saki mijinta don ya fara amai. Ta biyu kuma ita ce babbar: ko na ɗaure, ruwa fa? Na jijjiga galan, abin da ya rage bai cika kofi ba.

Laraba ta leƙo ta taga ta ce da irin Hausarta, "Direba, mota ya mutu?"

Na ce, "Bai mutu ba, ƙishi yake ji. Ki riƙe shi, ina zuwa."

Can gaba kaɗan akwai wani kwari da nakan tsallaka da damina ruwa har gindin ƙofa. Na ɗauki ƙarfen kwance taya na ruga can, na shiga tsakiyar yashin na fara tono, don wani lokaci in ka yi zurfi kakan samu damshi. Na tona har hannuna ya shige zuwa kafaɗa, yashin nan busasshe, da ɗumi ma kamar an soya gyaɗa a ciki. Na koma wani wurin na sake, haka. Wallahi a nan na durƙusa, ba kowa, ba ko kukan tsuntsu, na ce ya Allah, bawan nan naka doyata yake miƙo mini, kada Ka sa ya mutu a kujerar motata. Iyakar addu'ar da ta zo mini ke nan.

Da na juyo, tun daga nesa na hangi mutum a tsaye a gaban motar. Da na matso sai na ga wata tsohuwa ce, 'yar gajeriya, baƙa, da zane ɗaya ɗaure a ƙirji, ba takalmi a wannan yashi mai ƙuna, ta ɗora wani ɗan tulu a kafaɗa yadda matan Gbagyi suke ɗaukar kaya. Ban yi mamaki ba a lokacin, na ɗauka daga wata gona ta fito. Na ce, "Sannu, Mama."

Ta ce, "Sannu ɗana, ka sha rana. Ɗauko robarka ka naɗa, ni zan riƙe maka."

Hausa ce tsantsa, irin ta tsofaffin gidanmu, har na ɗan ji wani abu a raina, amma ba lokacin tsayawa tunani ba ne. Na ce, "Mama, wurin da zafi, zai ƙone ki. Bari in ba ki tsumma."

Ko kallon tsumman ba ta yi ba. Ta ajiye tulun a ƙasa, ta zura hannu ta sama, tsakanin fanka da injin, inda ni da nake da kanta a tafin hannu ban iya taɓawa ba, ta kama tiyon daidai wurin tsagar ba tare da na nuna mata ba. Na kwanta a ƙasa ina naɗa roba ina kallon yatsunta, sirara, duk jijiya, sun matse bakin tsagar ya haɗe kamar ba a taɓa tsaga shi ba. Abin da ba zan manta ba shi ne, ina cikin naɗin sai na ji ruwa yana ɗigo mini a goshi. Na ɗauka ragowar na lagireto ne, na runtse ido ina jiran zafi, sai na ji shi da sanyi ƙalau. Daga yatsunta yake ɗigowa.

Na gama, na ɗaure da waya, na ƙara matse kilif da sukudireba, na fito. Na sa tsumma na buɗe murfin lagireto a hankali. Na dubi tulun nan, a raina na ce wannan ko buta biyu ba zai yi ba, amma da babu gara ba daɗi. Ta ɗaga ta fara zubawa. Ina jin ruwa yana sauka ƙul-ƙul-ƙul, ina jira ya yanke, bai yanke ba, har ya taso bakin murfi. Ta ce in tayar da mota. Na tayar, ruwan ya faɗa ciki kamar yadda yake yi in iska ta fita, ta sake zubawa har ya cika. Ta ce in kawo galan, na kawo, ta cika shi har ya tumbatsa. Ta zagaya wajen Laraba ta jiƙa mata mayafi ta ce ta shafa wa mijinta a fuska. Duk daga tulun nan guda. Jama'a, na gani da idona, amma a lokacin kamar an rufe mini wurin da mamaki yake fitowa, ni dai Minna kawai nake gani a gabana.

Na fara yi mata godiya, na ce ina za ta mu rage mata hanya. Ta mayar da tulunta kafaɗa ta ce, "Ni a nan nake. Kada ka tsaya godiya, tafi. Mutumin nan bai gama noma ba."

Zan so in ce muku na duba madubi na ga ta ɓace, amma ƙarya ne, ban duba ba. Na ja mota kawai. Abin da na lura da shi shi ne allurar zafi: tun daga wurin har muka hau kwalta, har muka shigo gari, tana kwance a ƙasa kamar motar da ta kwana ba a tayar ba. Na ce a raina zafin ɗazu ya kashe ta.

Muka isa asibiti da sauran numfashinsa, Allah Ya sa akwai maganin, aka karɓe shi da gaggawa. Ni da Laraba muka zauna a benci a waje, har wata ma'aikaciya ta fito ta ce jinin ya fara tsayawa, mu kwantar da hankali. A nan ne Laraba ta sauke ajiyar zuciya, ta share fuska, sannan ta dube ni ta ce, "Direba, ashe kana jin yarenmu, duk shekarun nan ka ɓoye."

Na ce, "Wane yare? Ban da sannu da na gode, me na sani?"

Ta ce, "To tsohuwan nan fa? Gbagyi yake yi maka, kana ba shi amsa da Hausa."

Na ce mata Hausa tsohuwar ta yi mini daga farko har ƙarshe. Ta girgiza kai ta ce ko kalma ɗaya ta Hausa ba ta ji a bakinta ba, Gbagyi ne, kuma irin na mutanen da, wanda rabonta da jin sa tun kakarta na da rai. Na ce to me ta ce a ƙarshe? Ta faɗa mini, kuma daidai da abin da na ji ne, cewa mutumin bai gama noma ba. Ta ƙara da cewa ita a yankin aka haife ta, babu gidan da ba ta sani ba, amma ba ta taɓa ganin wannan fuskar ba. Muka dubi juna. Duk zafin da ake yi a ranar sai da tsigar jikina ta tashi.

Bayan la'asar na ce bari in kai motar wurin Oga Yohanna, don ɗaurin roba ba abin dogaro ba ne. Na ratsa cunkoson gari har Sauka Kahuta, na same shi yana shirin tashi. Na ce masa tiyon ƙasa ya fashe, kuma allurar zafi ta mutu. Ban ba shi sauran labarin ba tukuna, don ni kaina ban gama yarda ba. Ya ɗaga bonet ya kai bayan hannu kusa da injin, da zafinsa kamar kowane injin da ya yi tafiya. Ya ce mu jira ya huce, don shi ba ya yarda a buɗe murfi da zafi, ya sha ganin waɗanda ruwa ya saɓule wa fuska. Yana maganar ya dafa saman lagireto. Ya ɗaga hannun ya sake dafawa. Ya ce, "Mutumina, zo ka taɓa."

Na taɓa. Sanyi, irin na randar da ta kwana a inuwa.

Ya jawo wata tsohuwar roba ta wanki ya tura ƙarƙashi, ya kwanta ya warware wayar da na ɗaura, ya sassauta kilif, ya murɗa tiyon ya zare. Ruwa ya zubo, garau, ba tsatsa, ba jan nan da ruwan tsohuwar mota yake yi. Da ya gama zuba ya jawo robar waje, muka sunkuya a kai, sai ga wani abu yana motsi a ciki. Ɗan kifi ne, bai kai ƙaramin yatsa ba, mai sheƙi, da ransa, yana zagaya robar hankalinsa kwance.

Ku da kuka san mota ku gaya mini. Ruwan nan ya bi ta cikin injin, ya bi ta famfon da ke juya shi, tun daga dajin bayan Kuta har Minna. Ko ganye ne ya shiga da ya dahu ya narke. Ni kuma ina tsaye aka zuba shi, ban ga wani kifi ya wuce ba.

Oga Yohanna ya cire hularsa ya zauna a kan wata taya. A nan na ba shi labarin duka. Ya saurara har ƙarshe, bai yi mini dariya ba, bai kuma ce ƙarya nake ba. Ya ce, "Na daɗe a aikin nan, amma wannan ba aikin sifana ba ne. Bari mu gama namu tukuna." Ya tashi ya goge tsatsar bakin ƙarfen da samfefa, ya shafa ɗan sabulu a bakin sabon tiyo ya tura shi ya zauna daram, ya sa sababbin kilif, ya gyara inda baƙin man yake ɗiga, muka cika da ruwan famfo. Da aka tayar, allurar zafi ta tashi a hankali ta tsaya a tsakiya. Lafiyarta ƙalau, ashe ba ta taɓa mutuwa ba.

Sannan ya ce ruwan nan ba na zubarwa a kwata ba ne. Muka juye shi a bokiti da kifin da na galan ɗin duka, na riƙe a bayan mashin ɗinsa, muka je bakin kogin Chanchaga kafin magariba, inda akwai sauran ruwa. Ya yi addu'arsa irin tasu, na yi tawa, muka tuntsurar da bokitin. Kifin ya ɗan tsaya a gefe kamar mai tunani, sannan ya shige.

Danladi ya tashi. Yatsa ɗaya ne ya ƙage masa, ban da shi garau, kuma da ruwa ya sauka a shekarar da kansa ya yi kunyar doyarsa. Da na tambaye shi ko ya tuna tsohuwar, sai ya ce shi bai ga kowa ba, abin da ya sani kawai shi ne ya ji ƙarar rafi yana gudu kamar a tsakiyar damina, ya ji kamar ƙafafunsa suna cikin ruwa, daga nan numfashinsa ya dawo. Mun tambayi dattawan ƙauyensu, babu wanda ya ce ya san ta. Wani tsoho a cikinsu ya tambaye ni ko na yi mata godiya, na ce ta hana ni, ya ce to in bar shi haka. Limamin unguwarmu kuwa cewa ya yi bayin Allah suna da yawa, ba duka aka nuna mana ba, kuma tun da alheri ta kawo, in yi hamdala in daina bincike.

Na daina. Mutum ce, aljana ce, wani abu ne daban, ban sani ba, kuma ba zan ce muku na sani ba.

Shawarata gare ku, musamman 'yan'uwana direbobi: da safe kafin ku tayar da mota, ku matsa tiyonku, na sama da na ƙasa, ku zura hannu har ta ƙarƙashi. In ya yi laushi, ko ya kumbura, ko ya fara tsattsagewa, ku canza shi, kuma in za ku canza ɗaya ku haɗa da ɗan'uwansa. Kada ku shiga daji ba ruwa, don ba kowa ne za a aiko masa da tulu ba. Kuma duk wanda kuka tarar a hanya, kome tsufansa, kome ƙarancin abin da yake ɗauke da shi, ku gaishe shi da mutunci, ba ku san wanda aka turo muku ba.

Ni dai tun daga ranar ban ƙara sakin ruwan lagireto a ƙasa ba. Sai na tara roba, in jira ya lafa, in sunkuya in duba tukuna. Direbobi suna yi mini dariya a gareji. Ina ƙyale su su yi.